Kunnen Hagun Ɗan Farina

Ɗan farina mai haɗa sauti ne. Haka mawaƙa suke ce ma aikin nashi, ni kuwa na daɗe ban san abin da ake haɗawa ba. Abin da na sani shi ne akwai wani ɗaki kusa da zauren gidanmu, nan unguwar Zariya cikin Maraɗi, wanda ya toshe tagarshi, ya liƙe bangonshi da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai. Mutane su shiga da ganguna, su fito da kaset. Ba gidan rediyo ya ɗauke shi ba, ba gwamnati ba, kanshi yake ma aiki. Wanda ya zo da waƙa ya ɗaukar mashi, ya gyara, ya ba shi abinshi. Ranar da ba wanda ya zo, sai ya goge na'urorin da tsumma ya ja ƙofa.

Ni mutuniyar Tibiri ce, kuma a gidan da na tashi mace ba ta kula ɗan fari. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta yabonshi, ba ta zama inda yake zaune. Ranar da anka yaye shi uwata ta zo ta goya shi ta tafi da shi, can ya girma, shina ce mata Inna, ni kuwa shina ce mani Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗi. Ya dawo hannunmu don shiga lakwal, makarantar boko, ya zama saurayi, ya yi aure, mahaifinshi ya rasu ya bar mashi gidan, duk ban sake ba. In ina da magana da shi sai in dubi matarshi, ko da shina tsaye gabana, in ce, "A gaya ma mai ɗakin ƙara tuwo ya sauka." Ba ƙiyayya ba ce. Haka anka koya mana kunya, shi ma bai taɓa neman wani abu daban ba.

To, shekarun nan da anka buɗe ma mutane baki, anka yi babban taro a Yamai, jam'iyyu sunka fito, kowace unguwa da tutarta, a lokacin ɗakin nan bai huce ba. Kowane ɗan takara shina son waƙa, kowane mawaƙi shina son kaset. Masu wannan tuta su fita, masu waccan su shigo, wani lokaci su haɗu a zaure suna harare-harare, shi kuwa ya yi ma kowa aiki iri ɗaya. Ni ina tsakar gida ina jin wuri guda na waƙa ana maimaita shi, ana maimaita shi, har kajina sunka saba. Ana nan, ana nan, darajar kuɗin sefa ta faɗi, kayan aiki sunka yi tsada. Soja sunka karɓi mulki, waƙar jam'iyya ta ɗauke ɗif. Ma'aikata sunka daɗe ba albashi, bukukuwa sunka ƙanƙance, mai auren da dā zai kira makaɗa sai ya kunna rediyo. Aikin ya koma jefi-jefi, amma bai mutu ba.

Sai bazarar sankarau ta zo.

Ba zan daɗe a kanta ba, gidaje da yawa a garin nan sun san ta fiye da ni. Ta kama ɗan nawa, wuya ya sandare, anka kai shi likita. Ko a can ban shiga inda yake kwance ba. Ina waje ƙarƙashin dogon yaro da tazbahata, matarshi ta shiga ta fito ta gaya mani abin da lokotoro ya ce. Allah da ikonsa, ya tashi. Wasu da anka kwantar tare da shi ba su tashi ba. Munka dawo da shi gida ya rame, idanu sun faɗa, amma da ƙafarshi ya shiga zaure, na yi sadakar masa, na gode Allah.

Ni na fara lura, domin wadda ba ta magana da mutum kallonshi take yi. Ɗiyarshi ƙarama ta yi kuka daga bakin rijiya, sai ya juya wajen madafa. Anka yi sallama a zaure, ya ɗaga kai shina neman inda muryar ta fito kamar baƙo a gidan. In za a yi mashi magana sai ya karkato da dukan fuskarshi. Wata safiya muna tsince wake da matarshi, na ce mata, "Ɗiyar nan, me ya samu kunnen mijinki?"

Ta ajiye faifai. Ta dubi ƙofar zaure tukuna, sannan ta ce, "Iya, na hagun ya tafi. Lokotoro ya ce ba ya dawowa. Na daman ma akwai wani shuuu da ba ya tsayawa ciki. Mai gida ya ce kada kowa ya ji."

"Kurumta abin kunya ce?"

"A aikinshi, Iya, da kunne ake ci. In mawaƙa sunka ji, Katsina za su koma gaba ɗaya."

Ba a daɗe ba na ga gaskiyarta. Wasu samari masu waƙar zamani, irin waɗanda ke magana da sauri bisa kiɗa, sunka maido kaset ɗin da ya yi masu bayan ya warke. Ina jinsu daga tsakar gida. Sunka ce komai ya taru gefe guda, an sa a babbar rediyo mai baki biyu a kasuwa, baki ɗaya na ihu ɗayan na raɗa, abokansu sun yi masu dariya. Ya ce masu na'ura ce ta samu matsala. Sunka karɓi faifansu sunka tafi. Daga ranar ya sa ma ɗakin kwaɗo. Ya fara zama a zaure shina tambayar masu wucewa yadda ake samun moto ta hannu, wai zai sayar da kayan ya shiga kabu-kabu.

Ɗan fari ne, ba ni da bakin hana shi. Amma na yi shekaru ina jin mutumin nan ta bango shina maimaita wuri guda har ya zauna daidai, ban taɓa jin ya gaji ba. Na san abin da Allah ya ba shi ke nan. Kuma na ga zai ajiye shi ya hau titin Maraɗi da kunnen da bai san ta ina mota ke tahowa ba.

Akwai ɗan kawuna, taubashina, mawaƙin noma ne daga wani ƙauye bayan Jiratawa, cikin gulbi, inda har yanzu wasu gidaje ke yanka ma gona kaza kafin shuka. Kafin ciwon, ya zo da mutanenshi, an ɗauki waƙoƙinshi duka, haɗawa kawai ta rage. Mutum ne mai alheri, amma bakinshi ba ya da marfi. Abin da ya sani da hantsi, kafin la'asar an ji shi a Sabon Gari, wani lokaci har da kiɗa. Rannan sai ga shi ya faɗo gidan da sandarshi.

"Ina baiwata? Har yanzu ba a samu mai sayenki ba?"

Na ce, "In an saye ni wa zai riƙa ba ka fura? Shigo, tsohon banza."

Ya zauna ya sha furar, ya goge gemu, ya ce, "Ina ɗanki?" Har ya ambaci sunan da ƙarfi, don dai ya ga na sunkuyar da kai.

"Ban san wanda kake nufi ba."

"To ni na san shi." Ya ɗaga murya wajen zaure. "Kai, ɗan baiwa, ina waƙata? Hadari ya fara leƙowa gabas. Waƙar noma in ta fito bayan an gama noma, awaki zan rera mawa?"

Ɗan nawa ya shigo ya durƙusa, ya juyo mashi da kunnen dama, ya ce, "Kawu, na'urar ce ba ta da lafiya."

"Ku dai ba ku rabo da ciwo a gidan nan. In ba ta warke ba kafin ruwan shuka, ka ba ni faifaina in kai Katsina. Ba fushi, ba faɗa."

Ya tafi, ya bar gidan shiru.

Matar ɗan nawa ce ta fara shiga ɗakin don ta ji mashi waƙar. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, baiwar Allah, amma ba a je ko'ina ba. Da la'asar ta same ni ina kaɗi, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Iya, ni ba ni da amfani a can. Duk abin da ya kunna sai in dubi fuskarshi in ce ya yi daɗi. Ya ce in fita, wai ko ƙarar jaki ya sa mani haka zan ce."

"To ya nemi wani cikin abokan aikinshi."

"Su ne fa waɗanda ba ya so su sani." Ta ja bakin zanenta. "Iya, kada ki ga rashin kunyata. Duk garin nan mutum ɗaya ne bai taɓa ce mashi ya yi daidai ba."

Na ce mata ta tashi ta duba tukunyarta. Na kwana biyu da maganar a ciki, ina juya ta. Na tuna uwata, na tuna abin da matan Tibiri za su ce in sunka ji na kulle kaina ɗaki guda da ɗan fari. Sai wata safiya na ji wani mutum a zaure shina tambayar ko gaskiya ne za a sayar da fiyanon da ke ɗakin ƙara. Bayan ya tafi na wanke hannu, na gyara ɗaurin kallabi, na je na tsaya bakin ƙofar ɗakin da ban taɓa shiga ba. Na ce ma ƙofar, "In ana neman kunne, ga wani nan ba ya aikin komai."

Ɗan nawa na zaune a zaure, ya juyo da kunnen dama. Sannan ya tashi ya buɗe kwaɗon.

Ɗakin ƙarami ne, zafi kamar tanda, warin katifa da na waya mai ɗumi. Da ya ja ƙofa sai duniya ta ɗauke, ba zakara, ba turmi, har na ji bugun jinina. Akwai wani tebur mai maɓallai da yawa da wasu 'yan ƙarafa da ake turawa sama da ƙasa, da allurai biyu masu rawa a bayan gilashi, da lasifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsakaninsu kujera guda, tashi. Ya nuna mani ita. Na ce ma bango tabarma ta ishe ni. Ya ce ma teburin, "Yaya, sai a nan tsakiya ake jin gaskiyarshi." Na hau kujerar ɗan farina, ƙafafuna ba su kai ƙasa sosai ba.

Ya yi bayani, idonshi bisa maɓallai. Ya ce kowane abu da hanyarshi a faifan, muryar kawu daban, 'yan amshi daban, babbar ganga daban, ƙaramar da ake ce ma kazagi daban. Ya kunna mani su ɗaya bayan ɗaya. Na ji taubashina shi kaɗai tsirara, ba kiɗa, shina jan numfashi shina haɗiyar yawu, na ji tausayinshi ya kama ni. Ya ce aikin shi ne a zaunar da kowa wurinshi, mai waƙa a tsakiya gaba, ganguna ɗaya nan ɗaya can, 'yan amshi a baya sun yi baka, kada wani ya danne wani. Alluran nan suna gaya mashi nauyin kowane gefe, amma ba su gaya mashi wa ya ɓoye bayan wa. Na gane. Duk wadda ta taɓa zaunar da baƙi ranar suna ta san wannan.

Sai dai ɗakin ƙunci gare shi, kuma inda hannunshi zai kai ga maɓallai dole ya tsaya a damana. Kunnen da ya mutu shi ne wajena. Ya saki kiɗan gaba ɗaya, na saurara, na ce ma lasifikar hagu, "Babbar ganga ta zauna bisa kan mai waƙa." Bai motsa ba. Na ƙara faɗi. Hannunshi na nan inda yake, idonshi bisa allurai, wurin ya wuce, wani wurin ya zo, shi bai san na yi magana ba. Na dubi gefen fuskarshi, na ga furfura ta fara fito mashi a saje, ban san da ita ba.

Na miƙa hannu na taɓa damtsenshi.

Tun ranar da uwata ta goya shi ban taɓa jikinshi ba. Ya zabura, ya tsayar da faifan, ya juyo gaba ɗaya. Ba bango, ba ƙofa, ba matarshi tsakani. Na ce mashi, "Gangar ta yi yawa. Ba a jin abin da yake cewa." Ya ce, "To, Yaya." Ya ja ƙarfe ɗaya ƙasa kaɗan, ya maido wurin, sai ga muryar tsohon ta fito fili kamar an ɗage labule. Shi ke nan, haka munka fara.

Kullum bayan an share gida, kafin rana ta yi ƙarfi, sai in shiga. Munka samu hanyarmu. In na taɓa shi sau ɗaya, ya tsaya. In na nuna da mafici dama ko hagu, ya san inda abu ya karkata. In na ce wane ya yi nisa, ya matso da shi. Ba wai na iya ba ne. Na yi shirme mai yawa. Akwai ranar da na rantse wani mutum na biyu na kwaikwayon mai waƙa daga baya, ashe amsa-kuwwa ce shi ya sa da gangan, don ya zama kamar a fili ake waƙar. Akwai ranar da na ce ruwa ya sauko a fita a kwashe shanya, ashe ƙarar faifan ce. Kuma da na saba, sai na fara son babbar gangar nan, domin irin ta ce ake kaɗawa a gayyar gonar ubana, na riƙa cewa a ƙara, a ƙara, har allurai sunka kwanta cikin ja. Ya ce, "Yaya, rawa kinka zo yi ko aiki?" Ya yi dariya, na rufe baki da gefen mayafi. Wani lokaci ya ƙi maganata, ya ce abin da nake so kunnen tsofaffi ne, masu sayen kaset ba haka suke so ba. Shi ne mai aikin. Ni dai in faɗi abin da na ji, shi ya san abin da zai yi da shi.

Wuta kuwa a shekarun nan ba ta da alkawari. In ta ɗauke sai ya buɗe ƙofa mu sha iska, mu jira. Da farko shiru muke yi. Daga baya ya riƙa sauya wuri, ya zauna ƙasa ta inda kunnen dama zai fuskance ni, ya tambaye ni su wane ne makaɗan Tibiri na dā, da yadda ake gayya kafin a haife shi. Wata rana ya ce, idonshi a ƙasa, "Ranar da Inna ta tafi da ni, yaya gidan ya kasance?" Na ce, "An ce wata ta daɗe ba ta ci tuwo ba." Bai ƙara tambaya ba, wutar ma ta dawo.

Muna kan waƙa ta ƙarshe, iska ta fara kawo ƙamshin ruwa daga kudu, sai taubashina ya zo ba a ranar da ya ce zai zo ba. Matar ɗan nawa na bayan gida, ba wanda ya tare shi, ya turo ƙofa kai tsaye. Ya same ni bisa kujera, an ɗora mani abin nan mai igiya da ake rufe kunnuwa da shi, wanda suke ce ma kas, a kan kallabina. Ya riƙe ƙofa shina dariya har da tari.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Baiwata ta zama matuƙiyar jirgin sama. Ina za ki kai mu, Makka?"

Na cire abin, na ce, "Zafi ya koro ni na shigo."

"Zafi ya koro ki cikin tanda? To sauka, masu waƙa sun zo."

Na sauka na tsaya bayan kujerar. Ya hau, ya jingine sanda, anka kunna mashi daga farko. Ya rufe ido. Ƙafarshi ta fara bugun ƙasa, leɓɓanshi na bin muryarshi. Waƙa ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta shiga. Can wajen da 'yan amshi ke karɓa, ya ce a hankali, ba tare da ya buɗe ido ba, "Maido mani wurin nan." Ɗan nawa na tsaye a damanshi, bai ji ba. Ya sake cewa, "Maido, na ce." Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya tafi inda ya saba. Na taɓa damtsen, faifan ya tsaya.

Tsohon ya buɗe ido a kan hannuna. Tare munka yi wasan ƙasa da shi, ya san gidan da na fito, ya san abin da hannun nan bai taɓa yi ba. Dariyar ta bar fuskarshi. Ya dubi ɗan nawa ya daɗe, sannan ya sauko daga kujera ya zagaya ta ɗaya gefen.

"Wanne ne?"

"Na hagu, Kawu."

"Ciwon nan ne?"

"Shi ne."

"Na'ura ba ta da lafiya, ko?"

Ɗan nawa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "In kana son faifanka ka kai Katsina, ga shi. Wannan da ka ji, Yaya ce ta ji mani shi."

Tsohon ya yi tsaki. Ya ce, "Kai yaro ne. Babban makaɗina, wanda ka ɗauka da hannunka a ɗakin nan, in kana bayanshi sai ka jefe shi da ɓawon gyaɗa kafin ya juyo. Ganga ta cinye mashi kunne tun ba a haife ka ba. Maƙogwarona yake kallo ya san inda zan sauka. Ka ji ya kuskure ko sau ɗaya?" Ya koma bisa kujera. "Maido mani wurin nan. Kazagin ya yi nisa, ɗan'uwana ne ke kaɗa shi, in bai ji kanshi ba sai ya hana ni barci. Ke kuma, baiwata, da gangan kinka bar tarina a waƙa ta biyu, na san halinki."

Anka matso da kazagi, anka rage tarin. Ya saurari sauran har ƙarshe, ya sa kaset ɗin a aljihun gaba ya dafe shi da hannu. Na raka shi zaure, na ce, "Don Allah ka riƙe bakinka."

Ya ce, "Tun muna yara kin taɓa ganin na riƙe shi?"

Bai riƙe ba kuwa. Kafin a gama noman farko waƙar na tashi a teburan masu shayi da rumfunan kasuwa, labarin kuma na biye da ita, wai a Zariya akwai mai haɗa sauti da kunne ɗaya, uwarshi ce ke zaune tsakiya tana ji mashi. Abin da ake tsoro ya faru, wani sashe. Samarin zamani yawancinsu sunka ɗauke ƙafa. Wani mai tallar magani da ya saba kawo aiki ya koma wani wuri. Damina ta yi nisa ɗakin ba kowa, sai mawaƙan ƙauye jefi-jefi, waɗanda taubashina ya turo. Na ga ɗan nawa ya sake zama a zaure shina kallon masu moto. Ni ma na fara cewa a raina ko hannun nan nawa ya yi ɓarna.

Sai wata ranar da kaka ta kusa, anka yi sallama, muryar mace. Wata dattijuwa ce daga Sabon Gari, shugabar masu kiɗan ƙwarya, da mata a bayanta kowace da ƙwaryarta cikin zane. Ba ta nemi mai gidan ba, ni ta nema. Bayan mun gaisa ta ce, "Hajiya, an ce ke ke zama a ɗakin."

Na ce, "Haka ne, ba Hajiya ba ce dai tukuna."

"Allah ya kai ki. Mu mun daɗe muna son kaset namu. Mazanmu sun ce ba mai shiga ɗaki a rufe ƙofa da namiji. Da munka ji akwai tsohuwa a ciki, munka koma masu da maganar, sunka rasa ta cewa. Amma da sharaɗi, in kin fita mun fita."

Ranar ɗakin ya cika har ba wurin sa ƙafa. Sunka cika kwatarniya da ruwa sunka kifa ƙwarya, ɗan nawa shina ta roƙon a nisanta ruwan da wayoyi. Sunka yi gardama a kan wadda za ta zauna kusa da abin magana, sunka ce ni zan raba. Wata ta yi guɗa ba shiri, allurai sunka buga ƙarshe, anka sake daga farko. Bayansu matan Tibiri sunka zo, har da ɗiyar wata ƙawata, wadda na ɗauka za ta kai labarina gida a yi mani dariya, sai ga shi ta kawo ƙungiyarsu. Malaman makarantun Islamiyya sunka fara kawo 'yan mata masu waƙen yabon Annabi. Maganar moto ba a sake tayar da ita ba. Da aikin nan ya aurar da ɗiyanshi mata, da shi ya rufe ɗakina da kwano.

Ina gode ma Allah da ya bar mashi kunne ɗaya, ya bar mani biyu a lokacin da ake bukatarsu. Ina gode ma matarshi, wadda ta faɗi abin da suruka ba ta faɗi. Taubashina ya rasu, Allah ya jiƙanshi, ban taɓa gaya mashi na gode ba, da na faɗa ma da waƙa zai yi mani.

Yanzu nawa kunnen ya fara nauyi. Shi kuwa ya samu wata na'ura mai gilashi wadda ke zana mashi sauti ya gani da ido, dama da hagu, babba da ƙarami, ba ya bukatar a taɓa shi. Amma matan har yau ba su shiga sai ina ciki. Don haka in anka ce suna zuwa sai in yi wanka, in ɗaura zanen fita, in je in hau kujerar. Rabin abin da suke rerawa ba na jinshi sosai. In sun gama sunka dube ni, sai in ce a sake baitin ƙarshe, su kuwa su sake.